Faifan da Aka Kankare wa Suna

Barranquilla, 19 ga Oktoba, 1986

'Yata Marelvis,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, kuma kin ɗan yi kumatu. Hoton da kika aiko Innarki Edilsa ta duba ta ce wai ko a Faransa an hana sayar da abinci ne. Mu nan lafiya lau. Gwiwata tana nan da halinta, ita ke fara gaya mini in ruwa zai sauko. Hawan jinin Innarki ya sauka, bakinta ne dai har yau ba a samo masa magani ba.

To, nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. La Mecedora ta tsage.

Ranar Talata na fito da faifan waƙar tsakar gida ina wanke shi da ruwan sabulu kamar kullum, sai ga aladen Candelaria maƙwabciyarmu ya faso shinge da kare a bayansa, ya bi ta tsakanin ƙafafuna. Ni na yi gabas, faifai ya yi yamma. Da na ɗauko shi, tsaga ce tun daga baki har kusa da tsakiya. Na ɗora shi a inji, duk zagaye ɗaya sai allura ta ce ƙas. A ɗaki ma abin ba daɗin ji, balle a manyan lasifikokin pikonmu, ƙaton injinmu na kiɗan titi, inda ƙas ɗin nan zai fita kamar harbin bindiga. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ni da furfurata, ba na jin kunyar faɗa miki.

Kina ƙarama lokacin, don haka bari in tuna miki. Mahaifinki Nicanor, Allah ya ji ƙansa, shi ya sauko da faifan nan daga jirgin ruwa a 1972, a ɓoye cikin rigarsa. Tun a teku ya kankare takardar tsakiyar da wuƙa, ya jefa kwalin a ruwa, kamar yadda duk mai hankali yake yi don kada wani mai piko ya karanta suna ya je ya sayo irinsa. Na roƙe shi sunan mawaƙin ya fi a ƙirga. Sai ya ce, "Dago, kai fa in ka sha kwalba biyu har abin da ba a tambaye ka ba kana faɗa." Haka ya tafi kabari da sunan. Mu muka raɗa wa waƙar Mecedora, saboda yadda gitar take kai mutum gaba ta dawo da shi baya kamar kujerar lilo.

Ga inda matsalar take. Kwamitin unguwa ya yanke cewa ranar Asabar ɗin bikin Karnabal piko biyu za a kafa a titinmu na Rebolo: namu Kada Mai Ido Ɗaya a wannan kai, na Wilfrido ɗan unguwar Las Nieves a wancan. Inda jama'a suka taru suka yi rawa, shi ke da titin daga nan gaba. Shekara goma sha huɗu Kada ke riƙe da titin nan. Wilfrido ya fi ni lasifika, ya fi ni sababbin faya-fayai, ya fi ni ƙuruciya. Abu ɗaya na fi shi, ga shi nan a tsage a ƙarƙashin katifa. Ina gaya wa mutane wai tsohuwa tana hutawa ne sai Karnabal.

An ce a Paris babu ƙasar Afirka da ba ta da shago. Na sa miki kaset a cikin ambulan ɗin nan. Ki bi shagunan nan ɗaya bayan ɗaya ki sa musu a kunne, ko Allah zai sa wani ya gane. Kada ki bar kaset ɗin a hannun kowa, kada ki yarda a kwafa. Carar da za ki ji a tsakiya zakaran Innarki ne, ba ya cikin waƙar.

Baffanki,
Dagoberto

Paris, 16 ga Nuwamba, 1986

Baffa Dago,

Na gaishe ka, na gaida Inna Edilsa, a ce mata ina cin abinci, sanyi ne yake lashe shi kafin ya kai kumatu. Lafiyata ƙalau. Aikin wanki da guga a otal yana nan, hannuwana sun zama kamar na mai dakan masara, amma aƙalla ɗakin guga ne kaɗai wurin da ke da zafi irin na gida.

Na karanta takardarka a cikin jirgin ƙasa, na yi kuka, da na kai wurin alade kuma na fashe da dariya, har wata tsohuwa ta tashi ta canza kujera. Da na sa kaset ɗin kuwa, Baffa, sai ga ni a wuyan Baba a tsakiyar titi, ina riƙe da kunnuwansa yana rawa da ni. Zan nemo shi ko zan taka garin nan da ƙafa ne.

Amma kada ka ɗauka tashin hankalinka zai cece ka daga al'adarmu. Shekara ta zo ƙarshe, kuma tun Baba yana da rai kowa a gidanmu sai ya faɗi faya-fayansa uku na shekara. Ga nawa, na kuma raɗa musu suna irin namu. Na farko daga Guadeloupe ya fito, na sa masa Tafasa, don in aka sa shi a ɗakin guga har shugabar aikinmu mai ɗaure fuska sai ka ga ƙugunta yana motsi ba da saninta ba. Gangar ta inji ce, na san abin da za ka ce, ka riƙe shi a ranka. Na biyu na wasu samarin Kinshasa ne, suna cikin waƙa lallausa sai su watsar da ita gitoci su zura da gudu, shi ya sa na kira shi Ɓarawo Ya Ga 'Yan Sanda. Wannan in Kada ya same shi, na rantse sai kwanon rufin Candelaria ya tashi. Na uku muryar wata mata ce daga Haiti, a hankali take tafiya, shi nake sawa ranar Lahadi in kewar gida ta taso mini. Ban raɗa masa suna ba tukuna. Kai kuma na san naka ukun: Mecedora, Mecedora, da Mecedora.

Batun nema, na ari ƙaramin rediyo mai abin sawa a kunne, duk ranar hutuna ina unguwar Château Rouge. Wani mai shago ya ce Kamaru ce, na kusa da shi ya ce ƙarya yake Kenya ce, suka bar ni tsaye suka kama faɗa. Wani ya ce in ba shi kaset ɗin ya kwana da shi ya yi tunani, na ce ya kwana da kakarsa. Sai dai wani abu ya same ni a shagunan nan. Garin tonon akwatunan tsofaffin faya-fayai na fara saurarensu, kuma kai, Baffa, ashe ba rigima kawai kake yi ba. Akwai na shekarun sittin da na ji na rasa inda zan sa kaina don daɗi. Kada ka gaya wa kowa na faɗi haka.

Jiya kuma na haɗu da wani mutumin garinmu, ɗan Las Nieves. Na sa masa a kunne, tun gita ba ta gama shigowa ba ya ce, "Mecedora!" Ya riƙe hannuna ya ce zai taya ni nema, ya san mutane. Ka ga an fara samun haske.

'Yarka,
Marelvis

Barranquilla, 5 ga Disamba, 1986

Marelvis,

Muna lafiya, tunda al'ada ce a fara da faɗin haka.

Ɗan Las Nieves? A Paris? Wanda ya san mutane? Haba Marelvis! Duk garin nan wa bai san Aníbal surukin Wilfrido ba, wanda aikinsa ke nan yawo ƙasashe yana sayo masa faya-fayai? Tun Oktoba ba a gan shi a gari ba. Shi kika sa wa a kunne, da tsagar da komai, har ya riƙe miki hannu kika ji daɗi!

Kin san abin da ya faru shekaranjiya? Ina tsaye wurin mai butifarra ina jiran a yanka mini, sai ga Wilfrido da sarƙarsa a wuya, ya cire hula ya rusuna, ya ce a gaban kowa, "Don Dago, yaya jikin tsohuwa? Na ji an ce ta karye a ƙugu." Na ce masa tsohuwa tana nan garau, ita za ta yi masa rawa a kan kabari. Amma naman nan ko ɗanɗano ban ji ba, kamar takarda nake taunawa.

Yanzu ya san ba ni da ita, kuma surukinsa yana biye da ke, ranar da kika samo suna shi zai riga ki sayen faifan. In Wilfrido ya sa Mecedora a pikonsa a titina, ki sani ba titi kaɗai na rasa ba, gara in tura Kada cikin kogin Magdalena. Abin da ubanki ya riƙe har kabari, ke kin zubar da shi a kan titin Paris cikin wata guda. Ki daina neman, na yafe. Faya-fayanki na bana kuma ki ajiye ki riƙa ɗora tukunya a kai.

Dagoberto

Barranquilla, 11 ga Janairu, 1987

'Yata, 'yar ɗan'uwana,

Ina gaishe ki. Ina fata kina lafiya, don ba ni da hanyar sani. Kirsimeti ta wuce babu katinki, sabuwar shekara ta wuce babu. Kullum ina bakin ƙofa lokacin zuwan mai kawo wasiƙa, har ya fara girgiza mini kai tun daga kwana. Gwiwata ta kumbura, amma ba ita ke hana ni barci ba.

Candelaria ce. Ita da bakinta ta zo ta faɗa wa Innarki tana kuka. Ranar da abin ya faru tana leƙe ta shinge, ta ga komai, ta je kasuwar kifi ta gaya wa mutum ɗaya tak, ta ce kada ta faɗa wa kowa. Mutum ɗayan nan ƙanwar matar Wilfrido ce. Aníbal kuwa, ashe duk tsawon lokacin nan yana Maicao yana sayar da agoguna, ko filin jirgi bai leƙa ba.

Innarki ta sa na maimaita mata abin da na rubuta miki. Da na kai maganar ubanki ta ɗauke kwanon sancocho daga gabana ta juye wa kare, ta ce shi ya fi ni sanin darajar mutane. Ban yi musu ba.

Ni ban iya ba da haƙuri ba, kin sani, a gidanmu Nicanor ne ya iya. Amma na yi miki laifi, kuma abin yana cina. Ki yafe wa tsoho. Ko babu faifai, ko Wilfrido zai kwashe titin da fitilunsa, ki rubuto mini layi biyu in san kina numfashi.

Baffanki mai guntun tunani,
Dago

Paris, 25 ga Janairu, 1987

Baffa,

Ina lafiya, ina numfashi. Na yi mura ta warke. A gaida Inna, a ce mata karen ya ci rabonsa da hujja.

Takardarka ta Disamba ta iso mini ana jajibirin Kirsimeti. Na karanta na ninke, ban amsa ba, don abin da zan rubuta a lokacin da ya ƙona takardar. Ta yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma ban daina nema ba, don ba kai kaɗai ke da Mecedora ba, ubana ne ya kawo ta. Ta Janairun ta zo jiya. Na yafe, magana ta wuce.

Ɗan leƙen asirin naka sunansa Don Hermógenes. Ya haura saba'in, da sanda yake tafiya, haƙoransa na gaba sun daɗe da yin ritaya. Kuku ne a jiragen ruwa, wani jirgi ya tafi ya bar shi a asibiti a nan, bai sake ganin gida ba. Kafin nan ya taɓa zuwa hutu sau ɗaya ya yi rawa a gaban Kada, shi ya sa ya gane ta. Kuma shi ya buɗe mana hanya. Ya tambaye ni kamfanin jirgin da Baba ya yi wa aiki, na faɗa masa, ya rufe ido yana lissafa tashoshin da suke tsayawa, ya ce, "'Yata, bar mutanen Kinshasa su huta. Nemi mutanen Pointe-Noire." Wani mai aski ya tura mu wurin wani direba, direban ya ce akwai wata mata 'yar can da ke waƙa a coci a Saint-Denis.

Ranar Lahadi na tare ta a bakin coci bayan an tashi. Mama Philomène, doguwa, ga ɗaurin ɗankwali, ga kallon da ke sa mutum ya gyara tsayuwa. Na ce ta taimaka ta saurari wani abu. Ta sa a kunne tana hararata. Baffa, sai na ga matar nan ta lalubi matakala ta zauna, da kayanta na coci. Ta ce, "Ina kika samo mijina?"

Sunansa Célestin. Ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne, shi da abokan aikinsa suka haɗa ƙungiya, suka buga faifai ɗaya tak a 1971, 'yan kaɗan. Bai sayu ba. Ta ce haushi ya sa ya riƙa raba su kyauta ga matuƙan jirgi a mashayar da suke wasa. Ya rasu shekara guda bayan Baba, yana ganin wahalar banza ya yi. Waƙar kuwa ita ya yi wa: ya dawo daga wasa a makare ta kulle ƙofa, yana waje yana lallashi. Na ce to kin buɗe? Ta ce, "Sai da ya kai baiti na uku."

Ta kai ni gidanta, ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Yana nan, Baffa. Sabo fil, da kwalinsa, da hoton maza biyar sun sha kwat a gaban wani ƙaton injin ɗaga kaya. Muka sa shi, muka saurari duk fuska biyun, sannan ta fito da wasu tsofaffin na ƙasarsu muka wuni a kai. Na janye maganata ta Nuwamba. Faifan da ya fi mini a shekarar nan an buga shi tun ina firamare.

Ba za ta sayar ba, kada ma ka fara. Aro ta ba mu, na Karnabal kawai. Da na ba ta labarin yadda muke yi da faya-fayai a gida, ta zare faifan ta riƙe kwalin a ƙirjinta, ta ce wannan ba zai je wurin masu jefa mutane a teku ba. Sharaɗinta ɗaya: takardar tsakiyar nan da sunan mijinta a jiki, ko ƙwarzane ɗaya kada a yi mata. Na rantse mata da kabarin Baba. Ka ji da kyau, da kabarin Baba. Na san hannunka, yana ganin takarda zai nemi wuƙa. Na kuma san mutanen Wilfrido za su kewaye injin suna karkata wuya. Yadda za ka yi, kai ka sani.

Wata Sista Inmaculada, 'yar Soledad, za ta taho gida tsakiyar Fabrairu. A cikin kayanta zai zo. Ka aske gemu kafin ka je karɓa.

'Yarka,
Marelvis

Barranquilla, 8 ga Maris, 1987

'Yata, 'yar albarka,

Gaisuwa da murya a dishe, don tun ranar Asabar ɗin can ba ta dawo ba. Innarki tana kwance da ƙafafu a kumbure tana dariya ita kaɗai. Gwiwata kuwa ban ma san inda take ba.

Titi namu ne! Na faɗa tun farko don kada ki tsallake layi. Yanzu saurari yadda aka yi.

Sista ta kawo shi naɗe cikin tawul, ta miƙo mini ta ce ba ta tambayi ko mene ne ba, kuma ba ta son sani. Na kulle ƙofa na buɗe. Takarda ruwan ɗorawa, da rubutu baƙi. Shekara goma sha huɗu ina kwana da mutumin nan ina tashi da shi, sai ranar na san sunansa. Kin kuma yi gaskiya, ban san lokacin da hannuna ya shiga aljihu ba, sai ji na yi ludayi ya sauka a wuyan hannuna. Innarki ta ƙwace wuƙar. Na ce to in manna takarda a kai, ta ce ranar ɓarewa fa? Ta tsaya tana kallon ɗaki, ta ɗauko hulata ta zuwa coci, ta sa almakashi ta yanko da'ira daga tsakiyarta, ta huda rami. Ta zauna a kan takardar daram, ba gam ba komai. Ta kuma kafa mini doka: ko ɗigon giya ba zan sha ba sai an gama. Ni, a Karnabal!

Ranar Asabar tun la'asar aka fara. Ba zan yi miki ƙarya ba, Wilfrido ya zo da shiri. Sababbin faya-fayai yake ta saki ɗaya bayan ɗaya, lasifikokinsa suna girgiza tagogi. Na sa nawa tsofaffi masu kyau, amma ina kallo mutane suna zamewa can, har waɗanda na riƙa a ranar baftismarsu. Kafin rana ta faɗi wajena ya koma tsofaffi da masu sayar da bollo, dafaffen ƙullin masarar nan. Doña Petrona shugabar kwamiti ta ƙi yarda mu haɗa ido.

Sai ga su. Ƙarti huɗu sun ɗauko ƙaramin akwatin gawa da karyayyar kujerar lilo a kai, wasu ƙartin a baya sun sha baƙaƙen riguna na zawarawa da gashin-bakinsu, suna kururuwa suna faɗuwa ƙasa. Mai maganar Wilfrido yana ta ihu a lasifika, "Jama'a, ku zo mu yi wa Don Dago ta'aziyya! Tsohuwa ta riga mu gidan gaskiya, alade ya yi ajalinta!" Duk titi ya biyo su ana dariya. Suka dire akwatin a gaban Kada. Wato shi da kansa ya kwaso mini jama'a ya kawo har ƙofa.

Innarki ta yi fito. Matan layinmu suka fito da manyan siket ɗinsu na rawa suka kewaye injin, suka baza su, Candelaria a gaba, ta ce duk wanda zai wuce sai ya bi ta kanta, kuma kin san faɗin Candelaria. Na kashe sauti gaba ɗaya. Na bar su suka yi dariyarsu har ta ƙare. Sannan na sauke allura.

Marelvis, namu ashe ya daɗe da cinyewa ba mu sani ba. Wannan tas yake fita. Akwai wani da ya yi 'yar dariya kafin gita ta shigo, akwai mai buga kwalba da cokali a baya, duk ban taɓa jin su ba. Gitar ta tafi gaba, ta dawo baya. Titi ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Wanda ya fara motsi ɗaya daga cikin zawarawan Wilfrido ne, wani ƙato mai gemu, ya tattare baƙar rigarsa ya kama rawa yana ihu, "Ta tashi! Tsohuwa ta tashi!" Sai wuri ya rikice. Aka tattake akwatin gawar. Na hango can wajen Wilfrido, daga mai sayar da ƙanƙara sai kare ɗaya. Wani ɗan leƙen asirinsa ya samu ya cusa kai ta ƙarƙashin hannun Candelaria, abin da ya gani kawai guntun hulata yana juyawa. Doña Petrona ta ratso ta ɗaga hannuna sama, tana rawa ba ta ma saki ba.

Sau uku suka sa na maimaita. A na ukun ne tunani ya zo mini. Na tuna mijin Mama Philomène yana raba faya-fayansa kyauta don haushi. Na rage sauti, na ɗauki makirfo, kuma ki shaida ban sha komai ba. Na ce, "Rebolo! Wanda ya kawo muku waƙar nan Nicanor ne, kun san shi. Wanda ya yi ta kuwa sunansa Célestin. Ku kira shi ya ji!" Suka kira. Suka yi ta kira a kan kiɗan har mutanen wasu unguwanni suka fito suna tambaya wane ne ya ci ƙwallo.

Na ga Wilfrido yana rubutawa a tafin hannunsa. Da aka lafa ya zo ya ba ni hannu, yaron yana da tarbiyya duk da sarƙar. Ya matso kunnena ya ce, "Don Dago, Célestin wa?" Na ce, "Célestin ɗan babansa. Afirka tana nan inda take, je ka tambaya gida-gida."

Ga kaset na wannan rana, ki kai wa Mama Philomène, ki durƙusa ki gode mata a madadina. Faifanta yana nan lafiya, ko ƙura ba ta taɓa takardar ba. Sista za ta koma bayan bikin Ista, zan ba ta ta mayar. Baɗi kuma Allah ya san yadda za mu yi. Kaset ɗin faya-fayanki da kika cusa a tawul ɗin na saurara. Na samarin Kinshasa ba laifi. Ki sayo mini, ki kankare.

Baffanki, mai titin Rebolo,
Dagoberto

Paris, 5 ga Afrilu, 1987

Baffa Dago,

Ina gaishe ku duka, har da Candelaria. Lafiyata ƙalau, sanyi ya fara sakinmu. Takardarka na karanta wa Don Hermógenes sau biyu, wurin zawarawa sai da na bubbuga masa baya don kada dariya ta shaƙe shi.

Ranar Lahadi da rana muka je gidan Mama Philomène, ni da shi. Ta dafa mana kifi da rogo, ta ce sai an ci tukuna. Da aka gama na sa kaset ɗin. Ta zauna da kwalin a cinyarta. Da gitar ta shigo mutane suka ɓarke da ihu, ta dube ni ta ce faɗa ake yi? Na ce rawa ce. Ta ce mutum nawa ne? Don Hermógenes ya ce, "Madam, titin nan in ya cika, ko lemo kika jefa ba zai taɓa ƙasa ba." Ta ce duk rayuwar mijinta, mafi yawan waɗanda suka taɓa yi wa waƙar nan rawa lokaci guda, mashaya mai tebur shida ta ɗauke su.

Sai muryarka ta fito. Ba ta jin yarenmu, amma ba ta nemi fassara ba. Da titi ya ɗauki sunan, ta miƙe tsaye, ta dafa bango. Ta sa na mayar da wurin baya, na sake mayarwa, na sake. Ni ina kuka, tsoho yana kuka, ita kuwa ko hawaye, sai kai take gyaɗawa a kan kiɗan kamar mai amsa gaisuwa.

Ga saƙonta, ta sa na maimaita mata don kada in rage ko in ƙara. Kwalin nata ne, yana nan wurinta. Takardar tsakiya kada wuƙa ta taɓa ta har abada, ka ci gaba da sa mata hula. Duk Karnabal a kira sunan. Faifan kuma kada ka ba Sista. Ta ce shekara da shekaru yana ƙarƙashin gadonta ba wanda ya neme shi, a bar shi can inda ake kiransa yana amsawa.

'Yarka,
Marelvis